Zoɓo, Zogale da Kwalbar Mai Lasifika: Hira a Kan Ƙiba, Suga da Hawan Jini

[Kiɗan buɗe shiri]

 Gaisuwa ga mutanen cikin garin Matamaye, da na Kance, da Dungu, da Yawuri, da Kurni, da Tsauni, da Ɗan Barto, har da maƙwabtanmu na wajen Daura da ke kama mu idan iska ta yi daidai. Iyayenmu mata da ke gindin murhu, da matasan da ke zaune a fada, kowa ya matso kusa da akwatin rediyonsa.

Yau zancen ƙiba za mu yi, da cututtukan da ke biyo bayanta: ciwon suga, hawan jini, da taruwar kitse a cikin jini. Abin da muke son ganewa shi ne, itatuwa da ganyayen da Allah ya hore mana, me suke iya yi a kan waɗannan cututtuka, kuma ina iyakarsu.

Na san wani zai ce, a Matamaye za a yi zancen ƙiba? A ƙasar da kowace damina ake cika ɗakin yara masu tamowa a likita? Maganarsa tana kan hanya, ba kuma mu manta da tamowa ba. Sai dai a yau kana iya shiga gida ɗaya ka tarar da yaro ramamme a goye, ita kuwa kakarsa ba ta iya tashi daga tabarma sai ta dafa bango. Masana lafiya ma sun daɗe da lura cewa jaririn da aka haifa ɗan firit, ko yaron da ya sha yunwa yana ƙarami, ya fi saurin kamuwa da suga idan ya girma ya samu wadata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022, cikin kowane mutum 8 a duniya, 1 na fama da ƙiba mai yawa. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya kuma, a ƙididdigarta ta 2021, ta ce fiye da rabin masu suga a Afirka ba su ma san suna da shi ba.

Rayuwa ce ta sauya. Wanda a da yake takawa da ƙafa daga Dungu zuwa kasuwa, yau kabu-kabu ke kai shi har bakin rumfa. Daka ya koma wajen inji. Shinkafar kanti, taliya, burodi da lemun kwalba sun shigo inda a da tuwon gero da fura ke mulki. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, amma mu har yanzu kallon da muke yi wa ƙiba na jiya ne. Amarya in ba ta cika zane ba bayan wata uku, sai a ce miji ba ya kula da ita. Alhaji in ya aje tumbi, sai a ce arziki ya zauna.

Daga nan ne sha-ka-fashe ya samu shiga, kuma kafin mu taɓa maganin rage ƙiba dole mu faɗi wannan. Ƙwayoyin da ake sayar wa ƴan mata a tire don su yi jiki, da yawansu dexamethasone ne, maganin da lokotoro ke bayarwa na ƴan kwanaki don kumburi ko asma. Idan aka daɗe ana sha, fuska ta yi tulu-tulu, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, fata ta yi nankarwa, ƙashi ya yi rauni, suga da tansiyo, wato awon jini, su hau. Wadda ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke shi dare ɗaya, domin hakan ma yana iya kayar da ita. Ta je likita a rage mata shi sannu a hankali.

To, me ke haɗa tumbi da suga? Duk abin da muka ci mai gari ko mai zaƙi, tuwo ne, shinkafa ce, rake ne, yana narkewa ya zama suga a cikin jini. A bayan tumbi akwai wata ƴar gaɓa da ke fitar da sinadarin insulin, shi ne ke kwasar sugan nan yana shigar da shi cikin tsoka da hanta. Ku ɗauke shi kamar ƴan dako ranar kasuwa: motoci na sauke buhuna, su kuma suna kai wa shaguna. Idan shaguna suka cika, masu su suka fara turo ƙofa, buhuna sai su taru a kan hanya komai yawan ƴan dakon, har su ma su gaji su zauna. Kitsen da ya taru a ciki, wanda ke lulluɓe hanta da hanji, shi ne ke sa jiki ya daina karɓar aikin insulin. Shi ya sa kitsen ciki ya fi na cinya da na ɗuwawu haɗari.

Ga wani awo da ba ya buƙatar sikeli ko kuɗi. Samo igiya ko zare mai kauri. Tsaya ka jingina da bango ba takalmi, wani ya auna maka igiyar daga ƙasa zuwa tsakar ka, a yanke. Ninka ta biyu. Sai ka zagaya ninkakkiyar igiyar a ƙugunka, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwatangwalo, wajen saitin cibiya, ba tare da ka shanye ciki ba. Idan bakunan igiyar suka haɗu, madalla. Idan suka ƙi haɗuwa, faɗin ƙugunka ya wuce rabin tsayinka, kuma lokaci ya yi da za ka je a auna maka suga da tansiyo. Wannan awo ba na mai ciki ba ne, ba kuma na ƙananan yara ba.

[Kiɗa]

Jama'a, idan yanzu kuka kama mu, zancen ƙiba da suga muke yi, da abin da tsirrai ke iya yi a kai.

Duk wanda ya raina maganin itace, bai san tarihin ƙwayar da ke cikin aljihunsa ba. Maganin suga da aka fi bayarwa a duniya, metformin, wanda masu suga a nan suka fi sani da Glucophage, asalinsa daga wani tsiro ne na ƙasashen Turai mai suna Galega. Tun zamanin da can Turawa ke dafa shi suna ba masu yawan fitsari. Da masana suka tatso sinadarin da ke cikinsa, sai suka tarar yana sauke suga, amma yana da dafi, har tumaki yake kashewa idan suka ci tsiron da yawa a makiyaya. Aka yi shekaru ana neman ɗan'uwansa marar wannan illa, sai a 1957 wani likita Bafaranshe, Jean Sterne, ya gwada metformin a kan masu suga ya bayyana sakamakonsa. Haka maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba yaranmu a yau, daga wani dangin tazargade ya fito, kuma matar da ta gano shi, Tu Youyou ta ƙasar Sin, ta samu kyautar Nobel a 2015.

Abin da ya raba ƙwayar Glucophage da tafasasshen ganye shi ne awo. Ƙwaya ɗaya miligiram 500 ce, ko 850, ko 1000, yau da gobe da jibi. Ganyen kuwa, na damina daban, na rani daban, na fadama daban, na tudu daban, kuma hannun mai dafawa ma daban.

Mu zo gida, mu fara da zoɓo, domin a cikin tsirranmu yana cikin waɗanda aka fi gwadawa a kan mutane. A 2010, masu bincike a Jami'ar Tufts ta birnin Boston a Amurka sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi da mutum 65 waɗanda jininsu ya fara hawa amma ba su fara shan magani ba. Aka raba su gida biyu. Kashi ɗaya suna shan kofi 3 na shayin zoɓo kullum har mako 6, ɗaya kashin kuma aka ba su wani abin sha mai kama da shi wanda ba zoɓo a ciki. Masu shan zoɓo, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da wajen maki 7, sauran kuwa da maki 1 da ɗan kai. A irin lissafin da majo, ma'aikacin lafiya, ke faɗa maka, 13 ko 14, wannan bai kai lamba ɗaya cikakkiya ba. An yi irin wannan gwaji a Iran da Meziko da Najeriya, kuma akasari hanya ɗaya suka nuna. Zoɓo yana taimakawa, amma taimako ne daidai gwargwado. Mai tansiyo 14 zai ji daɗinsa. Mai 18 ko 20, zoɓo ba zai hana shi shanyewar ɓarin jiki ba, sai ya riƙe ƙwayarsa.

Yanzu ku dubi yadda muke haɗa shi. A jiƙa zoɓo ko a tafasa, a tace, a sa citta da kanumfari da na'ana'a, har nan lafiya lau. Daga nan sai a ɗauko sukari, ba da cokali ba, da gwangwani, a yi ta zubawa ana ɗanɗanawa har tsamin ya mutu murus. A ƙara ɗan garin kanti mai ƙamshi wanda shi ma sukari ne, a ɗura a leda, a sa a ƙanƙara. Mai suga ya saya ya sha leda biyu da rana tsaka yana cewa ai an ce zoɓo magani ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2015, ta ce sukarin da babba zai sha a yini kada ya wuce wajen giram 50, ƙaramin cokali 12 ke nan, in ma ya tsaya a 6 ya fi. Lemun kwalba guda mai santilita 33 yana ɗauke da wajen giram 35. Ku lissafa na koko da safe, da na fura da rana, da shayin fada na fari da na biyu da na uku, kowane da nasa sukarin. Mu kuma ga mu a ƙasar rake. Ba na hana kowa rake, noman iyayenmu ne, kuma da shi gidaje da yawa ke cin abinci. Amma mai suga ya sani gaɓa ɗaya daban, sanda guda daban.

Zoɓon da zai yi maka aiki shi ne marar sukari, ko mai ɗan kaɗan ƙwarai. Makon farko za ka ɓata fuska, daga baya harshe ya saba. Mai ciki ta bar shan shi da yawa. Wanda ke shan ƙwayar tansiyo kuma ya gaya wa majo, don kada su haɗu su sa shi jiri.

Sai zogale. A nan sai na yi a hankali, domin an yi masa kirarin da ya fi ƙarfinsa. Gwaje-gwajen da ake ambata a kansa, mafi yawansu a kan ɓeraye aka yi su. Na mutane kaɗan ne, kuma ƙanana. A ƙasar Tailan, a 2017, an ba masu suga giram 8 na garin ganyen a cikin ƙwanso kullum har mako 4, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakaninsu da waɗanda ba su sha ba. A sansanin ƴan gudun hijirar Sahrawi da ke Aljeriya kuwa, a wani gwaji da aka fitar a 2018, an barbaɗa giram 20 na garin a cikin abinci, sai aka ga sugan masu ciwon bai yi tsalle bayan cin abincin kamar yadda ya saba ba. Ni abin da na ɗauka daga waɗannan biyun shi ne, zogale a cikin kwano yake aikinsa, tare da abinci, kuma da yawa.

Iyayenmu mata ba su jira wani bincike ba. A tsinke ganyen, a dafa har ɗacin ya ragu, a matse, a daka ƙuli-ƙuli, a yanka albasa da tumatir da tattasai, a ɗan sa yaji, a kwaɗa. Wanda ya fara cin kwano guda na wannan kwaɗon kafin ya sa hannu a shinkafa, rabin abin da ya saba ci zai ishe shi. Ganyen ya cika ciki, ya rage saurin shigar suga cikin jini, ga shi da sinadaran gina jiki. Haka kwaɗon rama, da tafasa, da yaɗiya, haka miyar kuka da ta kuɓewa masu yauƙi, haka wake da muke nomawa muna loda wa motoci suna wucewa da shi kudu. Abin lura kawai shi ne mai. Kwaɗo ko dambun da aka yi wa ambaliyar mai har yana ɗiga ta gwiwar hannu ya tashi daga maganin ƙiba. Dunƙulen kanti da gishiri da kanwa su ma a sassauta, domin gishirin da ya dace da babba a yini bai kai giram 5 ba, wajen ƙaramin cokali guda. Daddawar kalwa da ta batso suna nan, kuma ita ta batso daga ƴaƴan yakuwa ake yin ta. Saiwar zogale da ɓawonsa kuwa ba abinci ba ne, mai ciki ta nisance su.

Hulba tana da ɗan tasiri wajen sauke suga, gwaje-gwaje da dama sun nuna haka, ko da yake ba duka ne masu inganci ba. Abin dariya shi ne, hulbar da ake sayar wa mai son ramewa a wannan rumfa, ita ce ake sayar wa mai son ƙiba a rumfar gaba. Kirfa da wani ɗan'uwan garahuni da ake ci a Indiya, masanan ƙungiyar Cochrane sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kansu a 2012, suka ce hujjar ba ta isa a kira su maganin suga ba. Shuwaka, sabara, ɓawon maɗaci da ganyen bedi, mutane na sha, amma ɗaci ba shi ne shaidar magani ba, kuma yawan shan masu ɗacin nan kullum yana iya wahalar da hanta da ƙoda.

A kan ƙiba ita kanta fa? A 2020, masana a Jami'ar Sidni ta Ostareliya sun tattara gwaje-gwaje 54 da aka yi da mutum sama da 4,000 a kan magungunan itatuwa na rage ƙiba, har da koren shayi da wani ɗan'uwan namijin goro na ƙasashen Asiya da aka yi ta tallarsa. Ba su samu ko ɗaya da za su iya cewa ya rage nauyi ragin da zai amfani lafiya ba.

[Kiɗa]

Yanzu sai mai lasifika. Kun san shi. Ya faka mota ko ya shimfiɗa buhu a bakin kasuwa, ga hotuna, ga kwalabe, ga ƙunshin gari. Kwalba ɗaya, in ji shi, tana narkar da tumbi, tana wanke dattin ciki, tana kashe suga har abada, ta kori basir, sanyi da shawara, ta kuma gyara maigida. Kuɗinta jaka guda, amma saboda albarkar wannan rana a kawo dala ɗari.

Shayin rage tumbi, na leda ne ko na kwali mai hoton siririyar mace, sau da yawa abin da ke cikinsa filasko ne ko danginsa. Filasko kuwa kowa ya san aikinsa, gudawa yake sawa. Ka sha da dare, ka kwana kana zarya, da safe ka hau sikeli ka ga kilo ɗaya ya tafi. Ruwa ne ya tafi, kitsen yana nan inda yake, kuma da ka sha ruwa kilon zai dawo. Wanda ya mayar da shi abin kullum, gishirin jikinsa zai zube, zuciya ta riƙa bugawa ba daidai ba, hanji ya mutu har ya kasa fitar da bayan gida sai da shi. A Bamako, sashen maganin gargajiya na gwamnatin Mali yana ƙunsa filasko a cikin awo yana sayarwa da sunan Laxa-cassia, kuma abin da aka ce yana yi shi ne abin da yake yi: maganin taurin bayan gida.

Akwai abin da ya fi gudawa muni. A farkon shekarun 1990, a birnin Burasal na Beljiyam, wani gidan rage ƙiba ya riƙa ba mata ƙwayoyin da aka haɗa da saiwoyin ƙasar Sin. Wajen sayo kayan aka yi musanye, aka kawo wata saiwa mai suna Aristolochia a maimakon wadda ake nufi. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma ga wankin ƙoda ko dashe. Daga baya, cikin 39 da aka yi wa tiyata, an samu ciwon daji a hanyar fitsarin 18. Wannan a tsakiyar Turai ke nan, a hannun likitoci masu takarda. Dangin wannan saiwa suna nan a dazukanmu, duman dutse da wasu ke kira maɗacin ƙasa yana cikinsu. Idan an daka saiwa ta zama gari, wa zai iya gane ta da ido?

Wani lokacin ma ba itacen ne ke aikin ba. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da yawa sun sha kama shayi da ƙwayoyin rage ƙiba da aka rubuta musu tsantsar ganye, amma a ciki an ɓoye sibutramine, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar jiki. An kuma kama garin maganin suga da aka niƙa ƙwayar likita a ciki.

Tun da kaya da yawa ta Ɗan Barto suke shigo mana daga Kano da Daura, ga abin dubawa. Lambar hukumar NAFDAC ta Najeriya da ke jikin maganin gargajiya, idan ta ƙare da harafin L, ma'anarta an duba an ga ba ya cutarwa a gwajin da aka yi. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka lissafa a jikin kwalin. Wanda ba shi da lamba, ba sunan mai yi, ba ranar lalacewa, ba a faɗi abin da ke ciki ba, ka bar wa mai shi kayansa.

Kada a ce na haɗa kowa na yi musu kuɗin goro. Akwai masu maganin gargajiya na gado, waɗanda aka san gidajensu, suka san itace tun daga ganye har saiwa, kuma idan ciwo ya fi ƙarfinsu sukan ce a tafi likita. Suna da ƙungiyarsu ta ƙasa, kuma kowace 31 ga Agusta ana bikin ranar maganin gargajiya ta Afirka. Tun 1980 aka wallafa littafin da ya tattara itatuwan maganin Nijar, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Adjanohoun, kuma ilimin irin waɗannan dattawa ne aka rubuta a ciki. A Mali an yi aiki a kan ganyen danya don masu suga. Irin wannan aiki muke fatan gani ya yawaita a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da Jami'ar André Salifou ta Damagaram: a ɗauki abin da dattijo ya sani, a gwada, a auna, a faɗa mana nawa za a sha da wanda bai kamata ya sha ba.

[Kiɗa]

Muna da saƙo daga wata baiwar Allah a Kance. Ta ce shekara biyu tana shan ƙwayar suga, yanzu wata ƙawarta ta kawo mata jiƙon hulba da garahuni, ta auna ta ga sugan ya sauka, shin ta aje ƙwayar?

Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Kada ki aje. Sugan da kika gani ya sauka, ƙwayar na cikin abin da ya saukar da shi, kuma wannan ciwo lallaɓa shi ake yi. Yana iya yin shiru wata da watanni yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa ba ki ji komai ba. Abu na biyu, ki duba sunan ƙwayarki. Idan glibenclamide ce, wadda ake kira Daonil, ko kuma allurar insulin kike yi, haɗa su da jiƙo na iya faɗar da suga ƙasa fiye da kima. Alamarsa rawar jiki, zufa mai sanyi, yunwa mai tsanani, ganin duhu-duhu, ko mutum ya fara magana ba kan gado. Idan haka ta faru, nan take a sha ruwan sukari, ƙwaya uku a cikin rabin kofi, a bi da abinci. Idan mutum ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a ɗauke shi sai likita. Ki ɗauki jiƙon nan da kanki ki kai wa majo ko lokotoron da ke duba ki, ki ce ga abin da nake sha. In da ragin ƙwaya, shi zai rage, bisa awo.

Wani kuma daga Yawuri ya ce shi ba ya shan komai, amma ya rame cikin wata biyu, tumbin ya tafi, sai dai ƙishirwa da fitsarin dare sun dame shi. Malam, wannan ramar ba ta murna ba ce. Rama ba dalili, da ƙishirwa, da yawan fitsari, har kiyashi na taruwa inda aka yi shi, manyan alamomin suga ne. Gobe da safe kada ka karya, ka tafi a auna ka.

Masu tambayar abin da aka tabbatar yana hana suga kama wanda ke bakin kamuwa, an yi babban gwaji a Amurka da mutum 3,234, aka fitar da sakamakon a 2002. Waɗanda aka ba metformin, kamuwarsu ta ragu da kashi 31 cikin 100. Waɗanda aka sa su rage abinci, su yi tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako, su sauke kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, tasu ta ragu da kashi 58. Ga mai kilo 90, wajen kilo 6 ke nan, ba a ce sai ya koma kamar karan dawa ba. Minti 150 kuwa rabin awa ne sau biyar a mako, da saurin da zai sa ka ɗan yi haki amma kana iya magana. Maza su taka zuwa garka ko masallacin Juma'a. Matan da ba sa fita, tsakar gida ta isa: shara, daka, jan ruwa, da zagaye bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi. Maigida kuma, idan uwargida ta ce za ta rage jiki, kada ka ce za ta ja maka zagi a dangi.

Awon suga ana yin sa da safe kafin a ci komai, bayan awa 8 ba abinci. Idan ya kai giram 1.26 a lita ko ya wuce, za a sake aunawa wata rana kafin a tabbatar. Tansiyo kuma, daga 14 bisa 9 zuwa sama, idan ya maimaitu, hawan jini ne. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da mai suga a gidansu, ko macen da ta taɓa haifar jariri mai fiye da kilo 4, su je likitar Matamaye ko ta kusa da su a duba su, ko da ba sa jin ciwon komai.

Lokaci ya cimma mana. A shiri na gaba za mu ɗauki zancen ƙafar mai suga: yadda ake duba ta kowane dare, irin takalmin da ya dace, da abin da ya sa ba a sa wa gyambonta toka ko garin magani. Masu tambaya su aiko tun yanzu. 

[Kiɗan rufe shiri]